Kawu Mutari da Injin Wanke Kwanuka

Duk wanda ya san Kawu Mutari mai gyaran famfo ya san ba ya taɓa famfo sai ya ɗanɗana ruwan da ke yoyo. Ya dangwala yatsa, ya kai baki, ya lumshe ido kamar mai zaɓen zuma a kasuwa. Mu 'ya'yan ƙannensa kunya kamar ta kashe mu, shi kuwa ko a jikinsa.

Wata rana wani mai lambu daga Durum ya kawo masa injin ban-ruwa a amalanke. Kawu ya lashi ruwan injin, ya tofar.

"Injinka lafiya lau. Rijiyarka ce ke ba shi yashi."

"To Malam, ba za ka kwance ka duba ba?"

"In kwance me? Rijiyar?"

Ga shi da kishin ruwa! In ya hango famfo na ɗiga, ko ba a kira shi ba sai ya yi sallama ya shiga. Ya taɓa rufe ruwan wani gidan suna a unguwar Birni ana tsakar girki, mata suka yi masa ca. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ku zaga son ranku. Zagi bai taɓa yankewa a Damagaram ba, ruwa ne ke yankewa."

Amma ni, Dije, abin da ba zan manta ba shi ne ranar da ya cece ni. Ni ce shugabar madafa a wani ƙaramin otel, da aikin nake riƙe marayuna uku. Alhaji mai otel ya sayo injin wanke kwanuka na hannu, wanda aka riga aka yi amfani da shi a ƙasar Turawa, yana nuna wa baƙi kamar ya yi sabon doki. Injin bai yi wata biyu ba ya fara fitsari a ƙasa. Alhaji ya tara ma'aikata, ya nuna ni da yatsa, ya ce ƙauyancina ne ya ɓata masa kaya. In Juma'a ta zo bai gyaru ba, in nemi hanya. Wallahi kuka na yi har gida.

Na kai wa Kawu ƙara. Ya ce, "Inji mai wanke kwano? Hannuwanku fa, sun tafi Hajji?" Amma ya ɗauki jakarsa. Na tare mana mai babur, ya ce shi ƙafarsa ba ta taɓa yoyo ba. Haka muka taka cikin rana tun daga Birni.

Da muka isa, ya zagaya injin sau biyu, ya tsuguna, ya lashi ruwan. Can ya juyo ya dube ni.

"Dije, miyar kukarki gishiri ya yi yawa."

Ai ko Alhaji sai da ya ɓoye dariya a babbar riga.

Bai taɓa ganin irin injin ba, amma ya ce famfo famfo ne, ko na Bature. Ya kwantar da shi a gefe, ya kwance cikinsa, ya zaro robobi biyu masu toshe bakin famfon, waɗanda makanikai ke ce wa juwan. Sun bushe sun tsage kamar dundunia. Ya zazzage gwangwaninsa na tarkace, ya sami ɗaya daidai, ɗayar kuma ya yanko ta da aska daga roba mai kauri, yana gwadawa yana ragewa har ta zauna ɗas. Ya mayar da komai, saura ƙusa ɗaya, sai ya jefa ta aljihu ya zauna a kan bokiti.

Alhaji ya ce, "Malam Mutari, a ƙarasa mana."

Kawu ya ɗaga tsohuwar robar sama. "Alhaji, dubi nan. Wannan tun a garinsu ta tsufa, kafin Dije ta san da ita. A gaban wa ka ce ita ta ɓata?"

"To, ai magana ta wuce."

"Ba ta wuce ba, tana aljihuna. Tara ma'aikatan."

Aka tara su kaf, har mai gadi. Alhaji, mutumin da ba ya gaida kowa, ya tsaya yana gyaran hula ya ce, "Dije, ki yi haƙuri, na zalunce ki." Sannan Kawu ya ɗaure ƙusar. Aka kunna, muka zuba ido a ƙasa. Ko ɗigo!

Aka ce ya tsaya ya ci abinci, ya ce sai ran da na koyi sa gishiri.

Har yau ina madafar nan, kuma tun daga ranar ba wanda ya sake nuna ni da yatsa. Da safiyar da aka ɗauki gawar Kawu, Alhaji na cikin waɗanda suka kama makara.

Allah, bawanka Mutari ya tsaya mini a ranar da ba ni da mai tsaya mini, ya mayar mini da mutuncina a gaban jama'a. Ka rufa masa asiri a ranar da za a tara kowa. Ka jiƙansa, Ya Rabbi.