Fitilar Malam Tasi'u a Bakin Rijiya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha biyu ga watan Yuni, Allah ya karɓi ran Malam Tasi'u Bagwai, mai horar da mu 'yan kwana-kwana na wannan yanki, bayan jinyar sati uku. An yi masa sutura bayan la'asar.

Malam, ba zan yi maka ƙarya don ka rasu ba: ban taɓa son atisayenka ba. Kowace Alhamis sai ka tara mu a busasshiyar rijiyar bayan ofis, a ɗaura igiya, a kwance, a sake ɗaurawa. Kuma ba mai sauka sai an zura fitilar ƙwai tana ci, an ga ko akwai iskar shaƙa a ƙasa. Na taɓa ce maka na karance littafin aikin nan kaf, ba inda aka ambaci fitilar ƙwai. Ka ce, "To sarkin baki, littafin naka ya taɓa shiga rijiya?"

Daminar bara aka kira mu wani ƙauye a hanyar Bici. Wani manomi, Obed, ya shiga tsohuwar rijiya ciro akuyarsa, shiru bai fito ba. Muka tarar an rirriƙe ƙanensa yana neman bin sa. Ni ma na ɗaura igiya, har na zura ƙafa. Ka damƙi wuyan rigata.

"Fitila tukuna."

"Malam, mutum fa na mutuwa!"

"Na sani. Ba na so su zama biyu."

Fitilar tana kusa da ƙasa ta dushe, ta mutu. Sai da aka goya mini tukunyar iska na sauka. Da ƙyar Obed ya farfaɗo a asibiti. Jiya ya zo gaisuwa, ya zauna tabarma ɗaya da liman.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Tun da ka kwanta ba wanda ya taɓa igiyar nan. Ana zaune gindin darbejiya ana ɓare gyaɗa, wai ai an iya. Hadi da Abdulkabir, sababbin ma'aikatan da aka turo mana, ko leƙa rijiyar ba su taɓa yi ba. Ga damina ta kankama, ciyawa ta rufe bakin rijiyoyin gona. Masu gyaɗar nan kuwa su suka fi kowa yabonka a zaman makoki.

Na wanke ƙwan fitilar, na sa sabon lagwani. Alhamis mai zuwa, ƙarfe takwas, ina bakin rijiya. Wanda bai zo ba zan kira sunansa gaban kowa. Sun dai san bakina.

Ga maiɗakinka Inna Hure, da 'yarka Halimatu Sadiya, da sauran dangi, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Malam, Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ni ma ka yafe mini rashin kunyata. Ramin da muka saka ka ranar Laraba ba mu da fitilar da za mu zura maka. Allah ya haskaka shi da rahamarsa. Amin.