Diskin da Na Auna da Hannu

Da ana mayar da ciniki baya, da na koma Maradi na ajiye wa mai kanti diskinsa, na ɗauko wanda aka aike ni saye.

Ni dillalin dabbobi ne a kasuwar Dakoro tun ina saurayi, karatuna bai wuce firamare ba. Ɗiyata ta fari kuwa ta karanci lissafi har jami'a, ta dawo tana koyarwa a Birnin Lalle, amma ranta na kan tuƙin jirgin sama. Akwai jarrabawar shiga makarantar matuƙa a Yamai, inda ake zaunar da mutum gaban na'ura a ce ya tashi jirgi, ya kuma sauke shi. Ta haɗa ordinatar, wato kwamfuta, kaɗan-kaɗan don ta riƙa gwaji a gida. Saura diski, wato rumbun da ake zuba komai, da sistem, wanda ta ce shi ke tafiyar da gidan duka. Ranar da zan raka shanu Maradi ta roƙe ni in sayo ƙaramin diski mai sauri, a sa masa sabon sistem.

Mai kanti ya miƙo min shi. Bai fi kwalin ashana nauyi ba. Na kara a kunne, shiru.

Na ce, "Malam, wannan ai ko yaye shi ba a yi ba."

Ya ce, "Baba, shi ne mai gudun."

"Ba ka da wanda ya ci ya ƙoshi?"

Ya ciro wani daga cikin tsohuwar na'ura, mai nauyi kamar dutsen guga, ya ce cikinsa ya ninka na ƙaramin. Da ya haɗa masa wuta na ji yana gurnani. Dabbar da ke da nauyi kuma tana numfashi, ban taɓa faɗuwa a kanta ba. Na ce a bar min shi.

Sistem ma biyu ne, sabo da wani tsoho da ya ce duk Maradi an san shi. A sana'armu ba a sayen abin da ba a san asalinsa ba. Na zaɓi tsohon. Sannan na nemi gyara, don ban taɓa barin kasuwa ba gyara ba. Ya yi dariya, ya cika sauran wurin da ke cikin diskin da bidiyon kokowa da wa'azi da waƙoƙin biki.

Da na kawo, ta juya shi a hannu, ta ce, "Madalla, Baba. Allah ya saka." Ɗiyar fari ce. Ni ba na kiran sunanta, ita ba ta kallon idona, balle ta ce na yi kuskure. Abin da ta tara kuma ya tafi a sayen. Ta goge kokowar, ta yi ta fama.

Sai ana gab da jarrabawa na leƙa wata la'asar. Jirgin da take tuƙawa a cikin na'urar ya tashi lafiya. Da ta karkato shi zai sauka, sai ya tsaya cak a sama, diskin na ta gurnani. Ƙasa ba ta fito ba. Can sai rabin fili ya bayyana, jirgin kuma ya riga ya wuce shi.

Na ce, "Ke, ina ƙasar?"

Ta ce, "Tana zuwa, Baba."

"Kullum haka take yi?"

"Wani lokaci ba ta zuwa."

Da gwanintar tashi kawai ta je Yamai. Uwarta ce ta gaya min yadda aka yi: ta tashi jirgin har masu dubawa suka gyaɗa kai, wajen sauka ta dasa shi a gonar wani. Ba a ɗauke ta ba. Shekarunta sun ba ta damar sake gwadawa sau ɗaya tak.

Na sayar da tunkiya na ba ta kuɗin a hannu, ta tafi Maradi da kanta. Da ta dawo ban nemi in riƙe abin da ta sayo ba, ita ma ba ta miƙo ba.

Roƙona ga iyaye irina: in ɗanka ya aike ka abin da ba ka sani ba, sayo abin da ya faɗa. In kuwa ɗan fari ne, ka tura wani ya tambaye shi ko ya yi, don kai madalla kawai za ka ji.