Digirin Maigidana da Kwanukan Jerena

Shekarar da 'yata ta fara haƙori ce maigidana ya kamu da ciwon digiri. Muna zaune a Dutse Uku a lokacin, ciki da falo a gidan haya, shi kuma akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati, yana riƙe da diflomar da ya yi tun kafin aurenmu. Abin da ya tayar masa da ciwon, wani matashi da ya koya wa aiki da hannunsa aka ɗora a kansa, don kawai yana da digiri. Ranar ko tuwo bai taɓa ba. Ni kuwa da ma gwanar fargaba ce, yarinya ta yi atishawa sai in yini ina taɓa goshinta, saboda haka na ɗauka korarsa aka yi.

Ba zai iya barin aiki ya koma aji ba, sai aka ba shi labarin karatu ta intanet. Ya fara biyawa wani kafen intanet a Kabong idan an tashi aiki, ya biya kuɗin awa, rabinta ya tafi wajen jiran a tada janareta. Daga can ya zo da takardu biyu da aka buga masa. Ɗaya ta wata jami'a ce ta nan gida mai koyarwa daga nesa, baƙi da fari, kamar katin asibiti. Ɗayar ta ƙasar Turawa ce, mai launi, da ciyawa shar da wani dogon gini, ga matasa cikin manyan riguna suna wurga huluna sama, ga tambari mai zakuna biyu a tsaye. A aji huɗu na tsaya, ban iya karanta abin da ke ciki ba. Amma na ga wadda ya sa a leda ya adana, na kuma ga wadda ya bari 'yata ta tauna gefenta.

Mai zakunan da dala ake biyanta, tsadarta kuwa ba a magana. Ya ce irinta ogansu na Rayfield ya yi, kuma duk wanda ya shiga ofishinsa ya gan ta a bango sai ya rage murya. Ya sa babur ɗinsa a lissafi, ya sa adashen ofis, abu bai kai ba. Daga nan na lura idonsa ya fara yawan zuwa kan kabet ɗina.

Kabet ne mai gilashi, cike da kwanukan jerena: tangaran, samira, kuloli masu fure, seti-seti. Mahaifiyata ta fara tara su tun ina tallan gyaɗa. Ko ruwa ba a taɓa zubawa a cikinsu ba. Duk Juma'a nake sauke su in goge in mayar, kuma duk macen da ta shigo ɗakina su take fara gaisarwa da ido kafin ta gaishe ni.

"Wai waɗannan kwanukan me suke yi mana?" in ji shi wata rana, yana shan shayi. "Ba a ci a ciki, ba a sha. Kallo kawai."

Na tambaye shi ko ita mai zakunan tuwo za a riƙa zubawa a cikinta. Ya ce matsalata ban yi nisa a boko ba. Ya ce ba dole yake yi mini ba, amma ƙarshen wata dillaliya za ta zo ta yi musu kuɗi, in an ƙara masa girma zai saya mini waɗanda suka fi su. In na ƙi, a ce na tare wa mijina ci gaba. In na yarda, da wane ido zan kalli mahaifiyata? Na rame a 'yan kwanakin nan har maƙwabta suka fara yi mini kallon mai ƙaramin ciki.

Ranar da na kai yarinya allurar rigakafi, na naɗe ta cikin rigunan sanyi har ba a ganin komai sai hanci, na zarce Kabong. Mai kafen wata mata ce Kirista, 'yar asalin nan, mai fara'a, kowa Madam yake ce mata. Addu'ata a hanya ita ce ta ce mini makarantar Turawan damfara ce. Sai ta ce a iya saninta duka biyun na gaskiya ne. Har na gyara goyo zan tafi, sai na tuna da masu wurga huluna, na tambaye ta a ina ake wannan taron.

"Wannan a can ne, maman bebi," ta ce. "In oga ya gama, za su aiko takarda a ambulan. In yana son riga, sai ya nemi biza ya hau jirgi."

Na ce ta gidan fa? Ta ce wannan kam biki ake yi sosai, kowa ya kwaso mutanensa, har da kulolin abinci ake zuwa.

Ban koma gida ba, gidan surukata na wuce. Hajiya mace ce da ba ta haɗa biki da komai. Tun da ɗan maƙwabciyarta ya gama jami'a aka yi anko, aka buga kalanda da hotonsa, abin yake ci mata rai. Na durƙusa na gaishe ta, na ce albishir na kawo, ɗanta zai yi digiri. Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma babu ƙarya a ciki. Kafin in sha ruwa ta fara zancen atamfa. Kafin Juma'a ta aika wa ƙannenta na Bukuru, ta tsayar da kore mai ratsin ruwan goro, ta yi faɗa da wata a kan wa zai zauna gaban mota.

Ranar Juma'a bayan masallaci maigidana ya je gaishe ta kamar kullum, na bi shi. Ko zama bai gama yi ba ta tambaye shi mota nawa za a ɗauka ranar sa riga. Ya yi murmushin masu ilimi, ya shiga yi mata bayani cewa wannan karatu na zamani ne, ba a zuwa ko'ina, takardar ma ta gidan waya za ta zo.

"A ambulan?" ta ce. "Kamar sammaci?"

"Inna, babbar makaranta ce. A bango ake rataye takardar."

"To ni sai in tara jama'a daga Bukuru su zo kallon bango? Wa zai gan ka? Da wa za a yi hoto?"

Ya ce ai sunan makarantar shi ne abin. Ta ce ita ba ta taɓa ganin an yi wa suna guɗa ba. Sannan ta tambaya ko babu wadda ake sa riga a cikinta. Ya yi ƙasa da murya ya ce akwai, amma ta gida ce, mai araha. Ta ce ita zai yi, kuma kada ta sake jin zancen ambulan. Ya juyo ya dube ni. Ni kuwa na duƙufa ina duba dasashin yarinya.

A hanya ya ce, "Ke ce ko?" Na ce ni albishir kawai na kai. Ya yi kwanaki yana amsa gaisuwata da hanci. Amma na kama shi wata safiya gaban madubi, ya ɗora faifai a ka yana gyara masa zama. A ofis kuma, na ji labari, cewa ya yi kishin ƙasa ne ya sa ya zaɓi ta gida. Dillaliya ba ta zo ba, babur ma ya tsira.

Karatun ya ɗauki shekaru. Kafin ya gama, 'yata ta shiga makaranta, ƙaninta na bayana. Aka yi ankon kore, aka cika motoci, Hajiya a gaba. Ana gobe walima ta shigo ɗakina, ta tsaya gaban kabet ta riƙe ƙugu.

"'Yar nan, sauko da su," ta ce. "Baƙin ɗana ba za su ci a roba ba."

Wa zan kai wa ƙara? Ni na gayyato ta cikin maganar. Haka aka zuba masa da miyar taushe a tangaran ɗina, shinkafa a samira. Da aka watse, gwaggonni suka ɗebi ragowa a kulolina, kowacce tana cewa gobe za ta aiko da shi. Wasu sun dawo babu murfi, seti guda kuma har yau yana Bukuru. Maigidana, wanda ya ƙi cire rigar har la'asar yana ta zufa, ya zauna da babban tangaran a cinya, ya suɗe miya, ya dube ni ya ce, "Ashe ana ci a ciki."

Gurbin da setin nan ya bari a kabet, nan ya kafa hotonsa da riga da hula, ya jingina takardar a gefe. Ba a ci a cikinsu, ba a sha. Duk Juma'a nakan sauke su tare da sauran in goge.