Cizon da ke Kafaɗar Mahaifina

Mutum huɗu ne a cikin wannan al'amari. Akwai mahaifina, wanda ya yi aikin soja ya dawo garinmu Allakaye ba shi da igiya ko ɗaya a hannun riga. Akwai taubashinsa, ɗan kawunsa, wanda suka shiga soja tare. Shi ya dawo da igiyar sarjan da lambar yabo ta fagen fama, duk gari Sarjan ake kiransa, ni ma haka zan kira shi. Akwai hafsan da ya jagorance su lokacin da aka tura su arewa. Na huɗun ni ne, ɗan farin mahaifina, wanda saboda kunya ba ya kama sunana, sai dai ya ce "yaron nan".

Tun ina ƙarami na san Sarjan da mahaifina ba sa rabuwa. Shanun huɗa guda biyu gare su, na tarayya. Da la'asar suna ƙarƙashin gawon ƙofar gidanmu suna dara. An kuma yi wa ƙanwata baiko da ɗan Sarjan. Sarjan ɗan namiji ne, mahaifina ɗan mace, don haka "bawana" yake ce masa, kuma kowace shekara ranar shara yakan shigo gidanmu ya ɗauke abin da idonsa ya so, hula ko zakara ko takalmi, mahaifina na dariya. A wurinmu wanda ya yi fushi da wasan taubashi shi ne ya ji kunya, ba mai wasan ba.

Shekarar da na gama jami'a na raka su bikin ranar Jamhuriya a Bouza. Aka zaunar da Sarjan a sahun gaba cikin rumfa, lambarsa na ƙyalli a ƙirji. Mahaifina yana tsaye a rana tare da jama'a, yana sauya ƙafa, domin cinyarsa ta hagu ba ta jure tsayuwa tun da harsashi ya ratsa ta. Sarjan ya hango shi, ya ɗaga murya ya ce, "Kai bawana, mi kaka jira? Samo ma ubangijinka ruwan sanyi!" Manyan da ke rumfar suka yi dariya. Mahaifina ya ɗingisa ya sayo ruwan leda ya miƙa masa.

Da muka koma gida na ba mahaifiyata labari. Tana tankaɗe, ta ajiye rariyar, ta dube ni ta ce, "Medayin nan da kake gani a ƙirjin Sarjan na ubanka ne."

Ga abin da ta faɗa mini. An yi musu kwanton ɓauna a cikin wani kori, busasshen rafi tsakanin duwatsu. Aka harbi hafsan a ciki. Mahaifina, da nasa raunin a cinya, ya goya shi ya fitar da shi daga wutar. Hafsan bai ga fuskar wanda ya goya shi ba, ya dai ji yana addu'a da Hausar Adar. Da ya farfaɗo a gidan likita sai ya sa aka kawo masa Adarawan nan biyu na rundunarsa, ya tambaya wane ne a cikinsu. Kafin mahaifina ya buɗe baki Sarjan ya ce, "Ni ne mana! Wanga rago ina shika iya ɗaukar namiji?" Wasa ne irin wanda suke yi tun suna kiwon awaki. Mahaifina ya yi murmushi ya sunkuyar da kai, domin ba a ƙaryata taubashi a gaban baƙo, kuma namiji ba ya yabon kansa. Hafsan ba mutumin ƙasarmu ba ne, bai san dangantakarsu ba. Ya sa aka rubuta sunan Sarjan.

Wasan ban riƙe shi da shi ba. Abin da na riƙe shi ne safiyar da ta biyo baya, da duk safiyoyin da suka biyo ta. Sarjan ya ga an rubuta, ya yi shiru. Ya tsaya aka maƙala masa lambar, ya karɓi igiya, ya dawo gari ya zauna a rumfa. Daga ranar da na ji wannan labari ban ƙara gaishe shi da zuciya ɗaya ba. Ina durƙusa masa, ina ce masa Baba, ina kuma lissafin yadda zan tuɓe shi.

Na je biron da ke riƙe da takardun tsofaffin sojoji. Ma'aikacin ya saurare ni da kyau, ya ce ba a gyara dosiyen soja, wato takardun aikinsa, da maganar iyali, sai da shaidar hafsan da ya ba da umarnin rubutawa. Na yi ta tambaya har na gano cewa hafsan ya ajiye kaki, yana zaune a Madaoua yana noman albasa. Na same shi a bakin rudunsa, rumbun albasa, tsoho mai furfura, yana tsince ruɓaɓɓu. Da farko bai yarda ba. Ya ce, "Ɗana, kowa yana son ubansa ya zama jarumi." Na ce masa ban zo neman alfarma ba, na zo neman a gwada maganata. Sai ya ce abu ɗaya yake tunawa sarai: da zafi ya kai masa karo, ya kafa haƙora a kafaɗar mai goyonsa har ya ji gishirin jini, mutumin kuwa bai sake shi ba, bai ko yi ƙara ba.

Na san wannan tabo. Ina yaro na sha ganinsa idan mahaifina ya tuɓe riga a gona, zagayayye, a kafaɗar dama. Na kuma san bayanin da Sarjan ke yi wa mutane a kansa: wai jaka ce ta cije shi a kasuwar Tamaske yana ƙoƙarin satar mata dusa. Garin duka ya yi shekaru yana dariyar wannan jaka.

Da na so, da na kawo hafsan da sassafe, na shigar da shi ɗakin mahaifina, ya duba, ya rubuta shaidarsa, ya koma. Takarda za ta gyaru haka nan. Ban so ba. A bainar jama'a aka aiki mahaifina ɗebo ruwa, a bainar jama'a nake so a biya. Na zaɓi ranar shara na kawo shi, domin a ranar Sarjan kan zo da lambarsa a ƙirji, maƙwabta su taru a ƙofarmu don kallon abin da zai ƙwace.

Ya iso yana waƙa, ya kama ɗan akuyarmu ya rungume. Sai ya ga baƙon da ke zaune a tabarma kusa da ni. Ya saki ɗan akuyan, ya ƙame, ya sara masa. Hafsan ya amsa, ya gaisa da su duka biyu, sa'an nan ya ce, "Sarjan, ina so in ga kafaɗarka. Na bar alama a jikin wanda ya cece ni."

Sarjan ya yi dariya ya ce, "Ranka shi daɗe, ai jikin ɗiyan sarauta ba shi riƙe tabo. Bayi aka sani da wanga." Ya waiga yana jiran a taya shi. Ba wanda ya taya.

Hafsan ya juya ga mahaifina. Mahaifina ya riƙe wuyan rigarsa da hannu biyu ya ce, "Ku bar wagga magana. Abin da ya wuce ya wuce. Jaka ce." Ko a nan kare shi yake yi.

Na miƙe. Ban taɓa ɗora hannu a jikin mahaifina ba tun da na yi wayo. Na kama wuyan rigar na ja har ta yage zuwa damtse. Tabon ya fito a hasken hantsi, layi biyu na haƙora, da giɓi a layin sama. Hafsan ya matso ya duba, ya ɗaga leɓensa ya nuna wa jama'a wushiryarsa. Sa'an nan ya ƙame a gaban mahaifina ya sara masa, idanunsa sun cika.

Na ce wa Sarjan, da murya daidai yadda na shirya, "Baba, yau ranar shara ce, ka saba ɗauka. Yau ajiyewa za ka yi." Ya yi ta fama da allurar lambar, ya kasa ɓalle ta. Ban taimake shi ba, ban kuma kawar da ido ba. Da ya cire sai ya ajiye ta a kan ramukan dararsu, ya tafi ba takalmi ɗaya.

Mahaifina ya tattara yagaggiyar rigarsa ya rufe kafaɗa. A ranar ya kama sunana, karo na farko kuma na ƙarshe, ya ce, "Ka gama?" Na ce na gama.

Bayan damina aka gyara dosiyen. Na karanta layin da aka ƙara da idona: sunan mahaifina, lambar yabo ta fagen fama, da dalilinta. Aka gayyace shi rumfa a Bouza, ya ce cinyarsa ba za ta kai shi ba. Lambar tana cikin kwanon da mahaifiyata ke ajiye allura da zare. Sarjan ya koma wurin ɗiyarsa a Tamaske, can ya rasu, kuma mahaifina ne ya hau kabu-kabu da ciwon ƙafarsa ya je ya shiga ramin kabarin ya karɓi gawar.

Mutane sukan tambaye ni ko na yi nadama. Ban yi ba. Idan na tuna ruwan ledar nan, sai in ga ma na yi sauƙi. Gaskiya ta koma inda take, kuma da hannuna ta koma.

Abin da aka rasa: taubashi ɗaya, baiko ɗaya, shanun huɗa biyu da aka raba aka sayar, riga ɗaya, dara ta kowace la'asar, da dariyar mahaifina.