Idon Mai Leza

Shekara goma sha tara maigidana yana zana sunayen mutane a jikin katako da injin leza mai ƙona rubutu da haske, har unguwa ta manta sunansa, sai dai Mai Leza. Shagon ba nasa ba ne. Abin da yake nasa shi ne tari, da ƙaurin katako da yake kwaso mini a riga kullum, ni kuwa in yi ta wanki kamar an yi mini baki.

Injin ya tsufa, haskensa ya yi sanyi. Da wani ne, da tuni ya ƙure masa wuta ya ƙarasa shi. Shi kuwa sai ya yi ta ɗaga kan injin yana saukewa kaɗan-kaɗan, har hasken ya tattaru a ɗigo ɗaya kamar tsinin allura.

"Hasken fa ɗaya ne," in ji shi. "In ya baje, shafar katako kawai yake yi. Ki rage faɗin ɗigon da rabi, zafinsa ya ninka huɗu."

Na ce, "Sannu, Malam. Ni dai taso ka ci abinci."

Bara idonsa ya fara yin hazo. Wata rana ya ɓata alluna shida, rubutu ya fito dishi-dishi. Mai shago ya ce in aka kuma, ya nemi wani wurin. Mutum mai shekara sittin da biyu, wa zai ɗauke shi? Ga 'yan matanmu biyu a makaranta.

Sai na zama idonsa. Kowace safiya in biyo shi da kwano, wai karin kumallo na kawo. Kafin mai shago ya iso, ya ƙona ɗigon gwaji a guntun katako ya miƙo mini. In ce "sauke", in ce "ɗaga", har ɗigon ya ƙanƙance. Wata takwas muna wannan ɓoyon. Wallahi na gaji, gwiwoyina ma sun gaji, ga tsoro kullum.

Yau ya miƙo mini guntun katakon. Na kai shi bakin ƙofa, na matso da shi, na nisanta, na goge ido da gefen mayafi. Ɗigon ya yi ta rawa, ya rabu biyu. Sati uku ke nan haka rubutun waya yake yi mini, ina cewa gajiya ce.

"Ya ƙanƙance?" in ji shi, yatsansa a kan maɓalli. Ga motar mai shago ta tsaya a waje.

"Ya yi, Malam," na ce. "Kunna."