Kujerar Hagu a Tafkin Glenbrae

Duk garin ba wanda bai taɓa cin burodin Norrie Baird ba, amma da wuya ka sami mutum biyar da za su gane shi a kan titi. Aikin ne ya gaji haka. Lokacin da mutane ke hira yana barci, lokacin da suke barci yana gaban tanderu. Bai yi aure ba. Ƙanwarsa ɗaya tilo tana Kanada, takan kira shi ranar Kirsimeti. Da aka rufe gidan burodin yana da shekara sittin da uku, sai ya tsinci kansa da yini ɗungurungum a hannu, bai san yadda ake kashe shi ba.

Ya gwada mashaya, ya tarar kowane tebur da masu shi da tsohuwar gardamarsu. Ya sha kofi ɗaya ya fito.

Wata safiya motar bas ta bi da shi ta gefen tafkin Glenbrae, ya hango jiragen masu fatsa a baje kan ruwa. Goma sha biyu ne, kowanne da mutum biyu, ɗaya a wannan baki ɗaya a wancan, iska na tura su a hankali. Ba kifin ne ya ja hankalinsa ba. Abin da ya gani shi ne mutum biyu za su yini tare, ba wanda zai matsa wa wani sai ya yi magana. Irin zaman da ya san zai iya ke nan. Ya sauka a tasha ta gaba ya dawo da ƙafa.

Ishbel, matar da ke kula da tafkin, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ka taɓa riƙe sanda?"

"Ta fitar da burodi kawai."

"To ba jirgi tukuna. Fara daga gaɓa. Kifi huɗu ne rabon mutum a yini, amma kai kada wannan ya hana ka barci."

Ya sayi sanda mai ƙafa tara, da igiya, da akwatin ƙudaje, wato ƙugiyoyin da ake ɗaure wa gashin tsuntsu su yi kama da ƙwarin da kifin tirawut ke cafka a saman ruwa. Ƙudan ba shi da nauyin komai, igiyar ce ake kaɗawa baya, a ɗan jira ta miƙe, sannan a sako ta gaba. Norrie ya riƙe sandar da dama, yadda mai kanti ya nuna masa. Bahago aka haife shi, amma wata malamar firamare ta yi ta bugun hannun da rula har ya saki. Rubutu, cokali, gaisuwa, komai ya koma dama. Kwaɓin fulawa kuwa hannu biyu yake ci, don haka maganar ta daɗe da fita ransa.

Jifarsa ba ta yi kyau ba. Bishiyar da ke bayansa ta cinye masa ƙuda goma sha tara kafin ya kama kifi na farko, shi ma ranar da motar tanki ta juye sababbi daga gonar kifi ne, waɗanda ko maɓallin riga aka jefa musu za su haɗiye. Duk da haka bai fasa zuwa ba. Da tsakiyar bazara Ishbel ta tausaya masa.

"Wattie Laidlaw na fita shi kaɗai gobe. Na roƙe shi, ya ce to da ƙyar. Kada ka kunyata ni."

Wattie tsohon makiyayin tumaki ne, shekararsa saba'in da ɗoriya. Tun da abokin jirginsa Dod ya rasu, kujerar hagu take wofi.

A jirgi mutum biyun gaba ɗaya suke fuskanta, iska a bayansu. Na kujerar dama, in badama ne, igiyarsa ta wajen jirgi take bi. Na kujerar hagu kuwa, in shi ma da dama yake jifa, igiyarsa ta tsakiya za ta bi, daidai kan abokinsa. Gwani ya san yadda zai kauce. Norrie ba gwani ba ne.

Jifa ta uku ta ɗauke hular Wattie ta kai ta ruwa. Wattie ya tsamo ta da 'yar koma, ya matse, ya mayar kansa.

"Mai burodi, a ruwa kifin yake."

"Yi haƙuri, Mista Laidlaw."

Can iska ta ɗan juya. Ƙugiyar ta shige kunnen Wattie na hagu har gindi. Bai yi ihu ba, bai yi zagi ba. Ya yanke zaren da almakashi, ya ɗauki filafili, ya tuƙa su gaɓa da jan ƙuda yana reto a kunnensa kamar ɗan kunne. Ishbel ce ta kai shi asibiti.

Daga ranar ba wanda ya sake yarda ya shiga jirgi da Norrie. Ba su tsane shi ba. In ya shigo ɗakin shan shayi sai wani ya dafe kunnuwa da hannu biyu, a yi dariya, shi ma ya yi, daga nan hira ta ci gaba ba da shi. Ya koma can ƙarshen tafki, wajen duwatsu, inda ba kowa a baya sai tumaki. Yakan zo da filas da burodi ɗaya da ya gasa a gida. In rana ta yi tsaka sai ya ga jiragen sun tsaya, kowane biyu na miƙa wa juna kofi. Sai shi ma ya buɗe nasa, don lokaci ya zo ɗaya.

Ranar rufe kamun kifi ta shekara aka tashi da iska mai ƙarfi. Ranar ce ake ƙulla wa zai zauna da wa a baɗi, kuma Norrie ya san ba mai kiran sunansa. Ya naɗe sandarsa da wuri ya bi ta matsayar jirage zai tafi bas. A nan ya ga Wattie na fama shi kaɗai, da ya matso da jirgi sai iska ta mayar da shi.

"Kai mai burodi! Jefo igiyar nan!"

Norrie ya ajiye kaya, ya suri igiyar ɗaure jirgi da ke naɗe a ƙasa, ya wurga. Ta ratsa iskar ta faɗa kan cinyar Wattie. Ya jawo shi har gaɓa.

Wattie bai fito ba. Ya zauna yana kallonsa.

"Da wane hannu ka jefo?"

Norrie ya dubi hannun nasa. "Na hagu, ina ji."

"Kana ji. Bahago ne kai?"

"A da. Makaranta ta raba mu."

"Wato kunnena a banza ya tafi." Ya shafa tabon. "Dod bahago ne. Shekaru muna jirgi ɗaya, igiyarsa waje tawa waje, ko hulata bai taɓa shafa ba. Duk tafkin nan ba bahago ko ɗaya tun da ya tafi. Ga ka nan kana ɓoye hannu a aljihu kamar kayan sata."

"Ban taɓa riƙe sanda da shi ba."

"Da daman ma ai ba riƙewa kake ba. Kana da hunturu gaba ɗaya. Cire ƙugiya ka ɗaura ɗan ulu, ka tafi fili. Ranar buɗewa zan gani. In ban gamsu ba, kai da tumakinka."

Hunturun ya yi tsawo. Norrie ya koma ɗan koyo fil, duk abin da dama ta ɗan iya ya zama ba shi da amfani. Kullum da hantsi yana filin ƙwallon bayan gari, ya ajiye faranti a kan ciyawa, yana auna shi da ulu. Kafaɗar ta yi ciwo har sa riga ya zama aiki. Masu yawo da karnuka kan tambaye shi ko ya kama wani abu. Yakan ce tukuna. Ranar Kirsimeti ya so ya ba ƙanwarsa labari, sai ta shiga zancen jikoki, ya bar shi. Wattie bai kira ba, ba shi ma da lambarsa. Wani lokaci Norrie kan tsaya tsakiyar filin ya yi tunanin ƙila tsohon ya manta, ƙila ma ba'a ce kawai. Sai ya sake ɗaga sandar. A farko sau ɗaya cikin goma yake samun farantin. Kafin ƙanƙara ta narke ya kai bakwai.

Ranar buɗewa ya tarar da Wattie a matsayar jirage, ya ƙara ramewa, ya ja hular ulu ta rufe kunnuwa biyu.

"Wannan don sanyi ne, kada ka ɗauka da kai nake." Ya nuna wani tulun roba da ke shawagi a ruwa. "To, ga shi can, jefa mu gani."

Jifar farko ta faɗi gefe. Ta biyu iska ta kwashe. Norrie ya share tafinsa a wando, ya kaɗa baya, ya jira, ya sako. Igiyar ta miƙe ta kwanta, ƙudan ya sauka tazarar hannu ɗaya daga tulun.

"Da Dod ne, da ya sa shi a kan tulun," in ji Wattie. Ya ɗauke jakarsa daga kujerar hagu. "Shiga. Ban da surutu."

Suka yini iska na tura su. Wattie ya kama uku, Norrie ko ɗaya. Da rana ta yi tsaka Norrie ya buɗe jaka. Burodi biyu ya gaso, ya kuma yi ta tunani a bas ko na biyun zai koma gida da shi. Ya miƙa. Wattie ya gutsura, ya tauna, ya juya burodin yana dubawa.

"Ashe kai ne ke yin wannan."

"Ni ne."

"Hm. Laraba nake fita. Ka zo da irinsa."

Da yamma Norrie ya hau bas ɗin ƙarshe na rana shi kaɗai, sandar a hannun hagu, yana lissafin fulawar da ta rage a gida.