Taimin Bel da Alkawarin Inna

Inna, mahaifiyata, da yayarta da muke kira Iya sun yi wani alkawari tun ina yaro: duk wadda ta riga cikawa, ɗayar ce za ta yi mata wanka. Su biyu suka rage a ɗakinsu, kuma kowa a dangi ya san da maganar. Har wasa suke yi da ita. Iya takan ce, "Ke dai kada ki dirje ni da ƙarfi, na san hannunki." Inna ta ce, "Yaya, wa ya gaya miki ke za ki riga ni?" Sai su yi dariya, su ci gaba da ɓarar gyaɗa.

Iya tana zaune a wani ƙauye gaba da Utai, inda sai an sauka daga kwalta an bi burji. Inna kuwa tana wurina a Wudil tun rasuwar mahaifinmu. Ciwon ƙugu da na gwiwa sun cinye ta, ba ta iya hawa babur, ba ta iya matsuwa a motar haya. Saboda haka motata ita ce ƙafarta, kuma duk abin da ya shafi alkawarin nan a kan motar ya rataya.

Motar 'yar Kwatano ce, na saye ta tana da shekarunta. Dillalin ya rantse mini wai wata tsohuwar Baturiya ce take zuwa cefane da ita. In dai haka ne, to kasuwar tana da nisa ƙwarai. Mitar da ke nuna yawan tafiyar da ta yi ta mutu tun kafin ta zo hannuna, don haka ba wanda ya san ainihin abin da ta taka. Amma tana tashi da safe, tana kai ni makarantar da nake koyarwa, tana dawo da ni. Ban nemi fiye da haka a wurinta ba.

A farkon wata bazara na kai ta gareji a canja mai. Bakaniken sa'ana ne, mun daɗe tare, yana aiki a ƙarƙashin darbejiya a bakin titi. Ya cire wani murfi a gefen injin, ya haska da fitilar wayarsa, ya daɗe yana kallo.

"Malam, yaushe rabon da a canja taimin bel ɗin nan?"

"Ni dai ban taɓa ba," na ce.

"To zo ka gani."

Na leƙa. Wani bel ne na roba mai haƙora, duk bayansa ya tsattsage kamar ƙafar manomi. Ya ce shi ne yake haɗa saman inji da ƙasansa don su yi tafiya tare. Fanbel, wato bel ɗin fanka, idan ya gaji yakan yi ƙara, ya ba ka lokaci. Wannan ba ya kuka, ba ya gargaɗi. Ranar da ya tsinke mota a nan take mutuwa, kuma sau da yawa yakan tafi da injin gaba ɗaya.

Na tambaye shi tsawon lokacin da aikin zai ɗauka. Ya ce yini guda, idan an yi sa'a. Idan ya buɗe ya tarar da wani abin ya ci, sai an aika kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa a Kano, motar ta kwana, wataƙila ma ta ƙara kwana. Na ce to zan kawo ta idan an yi hutu. Ya goge hannu da tsumma ya ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya, Malam." Na ce masa ya bar mini karin magana, ni ne nake koyar da ita.

A makon nan aka aiko cewa Iya ta kwanta.

Ni ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallon idona, ba ma doguwar hira. Idan na shiga gaishe ta da safe, nakan durƙusa daga bakin ƙofa, ta amsa tana duban gefe, in tashi. Duk abin da take so daga gare ni, ta bakin matata yake zuwa, nawa ma ta nan yake komawa. Haka muka tashi, kuma ban taɓa jin abin ya dame ni ba sai a kan bel ɗin nan.

Na ce wa matata ta sanar da Inna cewa zan kai mota gyara, za ta yini ko ta kwana. Ba a jima ba ta dawo.

"Ta ce motar ta lalace ne?"

"Ba ta lalace ba, amma tana iya lalacewa."

Ta koma, ta sake dawowa. "Ta ce mota tana tafiya lafiya, 'yar'uwarta tana kwance, shi ne za a kwance ta a baza a ƙasa? Ta ce idan aka kira ana cikin haka fa? Ta ce don Allah a bar ta a haɗe."

Da ƙanena ne, da ya shiga ya zauna a gefen gadonta, ya zana mata bel ɗin a ƙasa da tsinke, ya yi mata wasa har ta yarda. Amma yana can Legas wurin aiki, ni kuwa ba ni da wannan ƙofar. Ga shi abin da ta faɗa ba wauta ba ce. In na kai motar, ana iya kira tana kwance. In na bar ta, tana iya tsinkewa a hanya. Gaba kura, baya sayaki.

Na taɓa gwada dabara. Wata safiya na fita kamar za ni makaranta, na zarce gareji, da niyyar a gama kafin la'asar ba tare da Inna ta sani ba. Bakanike ya ɗaga bonet, ya ɗauko sifana ke nan, sai wayata ta yi ƙara. Babban ɗan Iya ne. Ya ce jikin ya tsananta tun asuba, ko za a kawo Inna. Na ce a rufe bonet. Muka je muka tarar ta farfaɗo, har tana shan kunu tana yi wa Inna tsiya cewa ta cika gaggawa. Amma daga ranar ban sake samun zuciyar da zan bari a kwance ko noti ɗaya ba.

Haka ciwon ya yi ta ja. Idan ya yi tsanani, ba damar taɓa mota. Idan ya yi sauƙi, in ce yanzu ne lokaci, sai Inna ta aiko cewa tunda Yaya tana gane mutane a kai ta su gana. Na koma tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai. Ba na taka totur, ba na yarda ta yi zafi, na daina ba da aronta har wasu suka ce na fara rowa. Duk sanda na wuce gareji sai bakaniken ya ɗaga mini hannu, ni kuma in yi kamar ina duban madubi. Haushinsa nake ji, ba don komai ba sai don na san yana da gaskiya.

Kiran ya zo ranar Juma'a da hantsi. Ɗan Iya ya ce, "Yaya, sai haƙuri. Iya ta cika." Na ce su jira mu, Inna ce za ta yi wanka. Ya ce ai kowa ya sani, ba wanda zai taɓa ta.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta sa matata ta ciro wani ƙulli daga ƙarƙashin gado, wanda ashe ta daɗe da haɗawa: ganyen magarya, kafur, sabulu, turare da sabuwar ƙwarya. Muka kama ta muka sa a baya, matata ta zauna kusa da ita.

Duk wanda ya san Wudil ya san abin da Juma'a take nufi. Ranar kasuwa ce, motocin shanu da na hatsi sun toshe ko'ina. Da kyar muka fice daga gari. Muka wuce Utai, na sauka kan burji, na fara jin sanyi a raina, don abin da ya rage ba shi da yawa. Sai injin ya ɗauke. Babu ƙara, babu hayaƙi, ya mutu kawai kamar an hure fitila. Motar ta gangara kaɗan ta tsaya. Na murza makulli, na ji yana juyawa sakayau, ba abin da yake kamawa.

Na kira bakanike, na sa masa wayar ya saurara. Da ya ji, sai ya ce, "Kada ka ƙara murzawa, Malam. Shi ne." Bai ce ai na gaya maka ba. Allah ya saka masa da alheri.

Muka fito da Inna muka zaunar da ita a inuwar wani gawo. Duk abin hawan da ya zo, Wudil ya nufa, cike da buhuna da awaki, ba mai juyawa. Na kira duk wanda na sani da mota, wannan yana tsakiyar kasuwa, wancan ya tafi Kano. A ƙarshe na kira maƙwabcina, wani malamin jami'a, Kirista daga wajen Gombe, wanda gaisuwa kawai take haɗa mu. Ban gama bayani ba ya ce ga shi nan. Amma shi ma sai ya keta kasuwar.

Wani mai babur ya tausaya mana, ya sauke kayansa ya ce zai kai ta. Muka ɗaga Inna ni da matata, ƙugun ya ƙi buɗewa. Ta yi wata ƙara da ban taɓa ji daga bakinta ba, muka sauke ta. Ta huta kaɗan, ta karɓi sandarta, ta rungumi ƙullinta, ta kama hanya da ƙafa. Na bi ta a baya, na kasa cewa ta tsaya. Ba ta kai gonar gaba ba ta zauna a kan kunyar gona, tana haki, rana tana dukan ta.

Muna nan ɗan Iya ya sake kira. Ya ce zafin ya yi yawa, mutane sun taru tun ɗazu, an gama kabari, liman ya ce haƙƙin mamaci ne a gaggauta, ga shi Juma'a tana matsowa. Ya ce in ba Inna haƙuri. Na roƙe shi ya ƙara ɗan lokaci, ya ce ya riga ya ƙara har ya rasa bakin magana. Ban ga laifinsa ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba. Na ja matata gefe na gaya mata, ta je ta durƙusa ta faɗa wa Inna. Inna ta gyaɗa kai kawai.

Maƙwabcina ya iso jiƙe da gumi. A hanya ya tambaye ni abin da ya sami motar, na ba shi labari a taƙaice. Ya ce, "Haba Malam! Da ka gaya mini, ai da na bar maka tawa a ƙofar gida, ka kai taka a gyara a tsanake." Wallahi tun da aka fara ciwon nan, wannan tunanin bai taɓa zuwa kaina ba. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Na juyar da fuska waje ina kallon gonaki.

Mun tarar da maza sun dawo daga maƙabarta, suna zaune a kan tabarmi a ƙofar gida. Na riƙe Inna har cikin gida. Mata suka taso suna yi mata gaisuwa, ba ta tsaya ba. Ta tambayi wadda ta yi wankan. Aka nuna matar ɗan Iya da wata tsohuwa maƙwabciyarsu.

"Kun tsefe mata kai?"

"Mun tsefe, Inna."

"Allah ya ba ku lada. A ina kuka yi?"

Suka kai ta bayan ɗaki, inda aka kewaye da zana. Ƙasar wurin ba ta gama bushewa ba, duk da zafin ranar. Inna, wadda ta shekara tana sallah a zaune, ta saki sandarta ta durƙusa. Ta ɗora tafin hannunta a kan danshin, ta bar shi a nan. A wurin ne ta yi kukan. Ni kuwa na fita, don ba wurin tsayuwata ba ne.

Injin ya tafi kamar yadda bakanike ya faɗa, daga baya na sayar da motar ga masu gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa. Ban yi kewarta ba. Inna ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, ta ma aiko matata ta ce in daina damuwa, ita ce ta hana. Wannan saƙon ya fi mini zagi ciwo. Mutane sun ce ƙaddara ce, kuma na yarda ƙaddara ce. Amma har yau nakan zauna ina juya bazarar nan a raina, ina neman ranar da ya kamata in cije in kai motar, ko in tsallake kunya in zauna a gaban mahaifiyata in yi mata bayani da bakina. Ranakun suna nan da yawa, yanzu ina ganinsu sarai. Baƙin cikin bai rage ba.

Da yammar ranar jana'izar maƙwabcina ya dawo da mu gida. Muka wuce motata a gefen burji, ba wanda ya dube ta. Muka hau kwalta. Can sai na ji muryar Inna daga baya, a hankali, ba da kowa take ba.

"Zuwana na ƙarshe ta riƙe hannuna ta ce kada in makara. Na ce mata, Yaya, kwantar da hankalinki, ai yaron nan yana da mota."